"Yana ƙarfafa garkuwar jiki": wa ke tantance irin wannan rubutu a jikin kwalin abinci?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana abinci da masana doka da ke wannan zaure.

Kusan duk abin da aka ƙulla a leda ko aka ɗura a kwalba yanzu yana ɗauke da wata magana ta lafiya a gabansa. Wannan ya ce yana taimakon garkuwar jiki, wancan ya ce yana da amfani ga zuciya, wani ya ce ba kitse, wani ya ce an ƙara masa bitamin. Har lemon kwalba mai zaƙi kamar zuma za ka ga an rubuta masa garkuwar jiki da manyan baƙaƙe. Shin akwai hukumar da ke duba waɗannan maganganu kafin a buga su, ko kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa? Idan ana dubawa, wace irin hujja ake nema, kuma sinadarin sai ya kai nawa a cikin abincin kafin a yarda? Sai wadda ta fi damuna: idan hukuma ta amince da magana, ke nan abincin mai lafiya ne? Don Allah a ba ni alƙaluma da ƙa'idoji, kada a tsaya a kan "sai a yi hattara" kawai. Na gode.

Malamar Sinadaran Abinci:

Wa alaikumus salam Malam. Bari in fara raba maka maganganun, domin doka ba ta ɗauke su abu ɗaya ba.

Akwai maganar da ke faɗin abin da ke cikin abincin kawai: ba kitse, sukari kaɗan, yana da faiba. Akwai wadda ke faɗin aikin wani sinadari a jiki, misali kalsiyam na taimakawa wajen kiyaye ƙashi. Akwai wadda ke cewa abincin yana rage wani abu da ke jawo cuta, kamar kolestarol a jini. Sai kuma wadda ke cewa abinci yana warkar da cuta. Wannan ta ƙarshe ba a yarda da ita a kan abinci ba. Duk abin da ya ce yana warkarwa ya koma magani, dokar magani ce za ta hau kansa. Rabon nan yana cikin jagorar Codex Alimentarius ta 1997, kundin ƙa'idojin abinci da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka kafa a 1963, kuma daga nan ƙasashe da yawa suke ɗaukar dokokinsu.

Inda aka fi tsaurarawa Tarayyar Turai ce, da dokarta mai lamba 1924/2006 wadda ta fara aiki a Yulin 2007. Tunda alƙaluma kake so, ga su, duk a kan giram 100 na abinci. "Kitse kaɗan" kada ya wuce giram 3, in abin sha ne giram 1.5 a mililita 100. "Ba kitse" kada ya wuce giram 0.5. "Sukari kaɗan" giram 5, abin sha 2.5. "Gishiri kaɗan" sodiyam giram 0.12, wato gishiri giram 0.3, domin ana ninka sodiyam sau biyu da rabi a samu gishiri. "Yana da faiba" giram 3, "faiba mai yawa" giram 6. "An rage" kuwa na nufin an rage aƙalla kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da abinci irinsa, gishiri kashi 25. Ka lura da wannan sosai: abin da ke da kitse giram 30 aka mayar da shi 21 ya cancanci a rubuta masa "an rage kitse", alhali ya ninka iyakar "kitse kaɗan" sau bakwai.

Maganganun aikin jiki kuma sai sun bi ta hannun EFSA, hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Turai da ke birnin Parma a Italiya. Lokacin da aka buɗe ƙofa, ƙasashen tarayyar sun miƙa maganganu kimanin 44,000. Aka tattara masu kama da juna suka koma 4,637. Da aka fitar da jerin farko na waɗanda aka amince da su a 2012, guda 222 ne kacal, mafi yawansu na bitamin da ma'adinai. Na tsirrai da saiwoyi, kimanin dubu biyu, an jingine su ba a yanke hukunci ba, kuma ana ci gaba da amfani da su a wannan hali.

Yanzu ga lemon da ka ambata. Jimlar da aka amince da ita ita ce bitamin C na taimakawa wajen aikin garkuwar jiki yadda ya saba. "Yadda ya saba" ɗin nan shi ne ƙashin bayan jimlar. Ma'anarta jiki na buƙatar bitamin C kafin garkuwa ta yi aikinta, wanda ya rasa shi zai ga illa. Ba ta ce wanda ya riga ya samu isasshe zai ƙara ƙarfi in ya ƙara sha ba. Sharaɗin amfani da jimlar kuma mai sauƙi ne ƙwarai: abincin ya ƙunshi kashi 15 cikin 100 na ma'aunin yini a giram 100, abin sha kashi 7.5 a mililita 100. Ma'aunin bitamin C miligiram 80 ne, saboda haka miligiram 6 a mililita 100 na lemo ya wadatar. Garin bitamin da ba ya cika ko kan cokali ya isa kwalabe da yawa.

To, a ce lemon yana da sukari giram 10 a mililita 100, kwalbar kuma rabin lita ce. Giram 50 ke nan, sama da ƙaramin cokali 12. Shawarar WHO ta 2015 ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, kimanin giram 50 ga mai cin kalori 2,000. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini, kuma rubutun garkuwar jiki da ke gabanta bai karya doka ba. Masu tsara dokar sun hango wannan. Sashe na 4 ya ce zuwa 19 ga Janairun 2009 za a sa iyakar sukari da gishiri da kitse wadda abinci ba zai wuce ba in yana son ɗaukar maganar lafiya. Ba a taɓa sa wannan iyaka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ostareliya da New Zealand sun sa tasu a ƙa'idarsu ta 2013, abincin da ya faɗi awon ba ya ɗaukar maganar lafiya.

Amsar tambayarka ta ƙarshe ke nan, Malam: a'a. Hukuma jimla take tantancewa, ba abincin gaba ɗaya ba.

Ɗan Ɗakin Gwaji:

Malama ta gama da doka, bari in ɗauki hujja.

Tambaya uku EFSA take yi wa kowace takarda, kuma wadda ta faɗi ɗaya ta faɗi duka. An san takamaiman abin da ake magana a kansa, har a iya auna shi? Amfanin da ake faɗa abu ne da za a iya aunawa a jikin mutum, kuma amfani ne na gaske? An nuna cewa cin abin ne ya jawo amfanin, a jikin mutane irin waɗanda za a sayar wa, da adadin da mutum zai iya ci a abincinsa na kullum? Gwajin ɓera da na ƙwayoyin halitta a cikin kwalba suna taimakawa wajen bayanin yadda abu ke aiki, amma su kaɗai ba sa tsallakar da takarda.

Ƙwayoyin furobayotik, wato ƙananan halittu masu rai da ake cewa suna amfanar hanji, a nan suka zube. Da yawa sun faɗi tun tambayar farko, saboda ba a tantance wane irin ƙwayar ba ne daidai, kuma iri biyu masu suna ɗaya na iya yin aiki daban. Wasu sun faɗi ta biyu: "yana ƙara ƙwayoyi masu kyau a hanji" ba amfani ba ne a karan kansa, sai an nuna abin da ƙarin ya haifar. Wadda ta tsira ita ce ta yogot, cewa ƙwayoyinsa masu rai suna taimaka wa masu wahalar narkar da sukarin madara, da sharaɗin a samu ƙwayoyi masu rai miliyan 100 a kowane giram.

Me ya sa ake nacewa a kan gwaji a jikin mutane? Saboda darasin beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas da ganye. Binciken bin diddigi ya daɗe yana nuna masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace, waɗanda jininsu ke da beta-karotin da yawa, sun fi tsira daga kansar huhu. Bayanin ya zauna, kowa ya gamsu. Sai aka yi gwaji a Finland da maza masu shan taba sama da 29,000, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su miligiram 20 a kullum, wasu ba a ba su ba. Sakamakon ya fito a 1994: kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha. Wani gwaji a Amurka mai suna CARET aka dakatar da shi a 1996 kafin lokacinsa, ƙarin ya kai kashi 28. Abin da ya faru shi ne masu cin ganye sun bambanta da sauran mutane ta hanyoyi da yawa, shan taba, motsa jiki, hali da wadata, kuma beta-karotin a jininsu shaida ce kawai ta irin rayuwarsu. Ƙuri'a ita ce ke raba waɗannan bambance-bambance daidai tsakanin ɓangarori biyu, shi ya sa ba ta da madadi. Haka bitamin E: gwajin SELECT ya nuna a 2011 cewa kansar furostet, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ta ƙaru da kashi 17 ga masu shansa. Ma'aikatar noma ta Amurka ma ta janye jadawalinta na ƙarfin antiyoksidan na abinci a 2012, saboda awon cikin kwalba ne, ba ya nuna abin da ke faruwa a jiki.

Wani wurin da ake tuntuɓe shi ne manuniya. Jiran a ga wa zai kamu da ciwon zuciya yana cin shekaru, sai a auna wani abu a jini a madadinsa. Wasu manuniyoyin amintattu ne, kamar hawan jini da kolestarol nau'in LDL, wanda ake kira mara kyau. Wasu sun ba da kunya. Folik asid da bitamin B suna saukar da homosistin, wani sinadari da ake dangantawa da ciwon zuciya, a jini sosai, amma manyan gwaje-gwaje ba su ga raguwar bugun zuciya ba. Wani magani da ya ɗaga kolestarol nau'in HDL, wanda ake kira mai kyau, an dakatar da gwajinsa a 2006 saboda mace-mace sun ƙaru.

Kada a ɗauka duk maganganun iska ne. Ga wadda ta zauna daram: beta-gulukan, wani nau'in faiba na hatsin ots da sha'ir. Yana yin yauƙi a hanji, ya riƙe ruwan matsarmama ya fita da shi, hanta kuma sai ta ɗebi kolestarol daga jini ta yi sabo. Giram 3 a kullum yana saukar da LDL da kimanin 0.25 a ma'aunin milimol a lita. Raguwa ce ta gaske, amma ƙarama, ba ta kama ƙafar magani ba. Lissafin kuwa shi ne ots na da beta-gulukan kusan kashi 4 cikin 100, ke nan sai ka ci kusan giram 75 a kullum. Turai ta yarda a rubuta maganar idan cin sau ɗaya na da giram 1, Amurka giram 0.75. Wanda ya ci sau ɗaya ya samu sulusi ko rubu'in abin da aka gwada. Biskit mai ɗan barbaɗin ots a kai bai ma shiga lissafi ba.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri, Malama da Malam. Amma akwai kwalaben ƙwayoyin ƙarin abinci da ke zuwa daga Amurka, a ƙasan rubutun za ka ga an sa da ƙananan baƙaƙe cewa hukuma ba ta duba maganar ba. Ta yaya za a bari a buga abin da ba a duba ba?

Barista Mai Kare Masu Saye:

Malam, tsarin Amurka daban yake, hawa uku ne, kuma mai saye ba ya iya bambance su da ido.

Hawa na sama ya fito daga dokar 1990 ta rubutun jikin abinci. Maganar da ta haɗa abinci da cuta sai hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ga masana sun haɗu a kanta sosai. Guda 12 ne suka samu wannan matsayi, ciki har da kalsiyam da zaizayar ƙashi, sodiyam da hawan jini, folik asid da naƙasar lakar jarirai. Akwai shinge a nan wanda Turai ta rasa: abincin da cin sau ɗaya ya wuce kitse giram 13, ko daskararren kitse giram 4, ko kolestarol miligiram 60, ko sodiyam miligiram 480, ba ya ɗaukar irin wannan magana. Ko a wannan hawa ba a gama ba har abada: maganar furotin ɗin waken suya da ciwon zuciya an amince da ita a 1999, a 2017 hukumar da kanta ta nemi a soke ta saboda binciken baya bai tsaya a kan magana ɗaya ba.

Hawa na tsakiya kotu ce ta haife shi. A shari'ar Pearson da Shalala ta 1999, kotun ɗaukaka ƙara ta ce 'yancin faɗin albarkacin baki bai bar hukuma ta hana magana gaba ɗaya ba matuƙar ƙarin bayani zai iya gyara ta. Daga nan aka samu maganganu masu togaciya. Ta baya-bayan nan da aka fi sani ita ce ta Maris 2024: cin yogot aƙalla kofi biyu a mako na iya rage haɗarin ciwon sukari nau'i na biyu, bisa hujja taƙaitacciya.

Hawa na ƙasa shi ne wanda ka gani. Dokar 1994 ta ƙwayoyin ƙarin abinci ta ba kamfani damar cewa kayansa na tallafa wa wani aiki na jiki, muddin bai ambaci cuta ba. Ba ya neman izini. Yana sanar da FDA ne cikin kwana 30 bayan ya fara sayarwa, ya riƙe hujjarsa a hannunsa, ya buga wancan ɗan rubutu cewa ba a duba ba kuma kayan ba na warkarwa ko hana cuta ba ne. "Yana rage haɗarin ciwon zuciya" sai an sha wuya. "Yana tallafa wa lafiyar zuciya" kyauta ne. A kunnen mai saye kuma magana ɗaya ce. Ni a ganina wannan shi ne babban rami a tsarin nan.

Togaciyar ma ba ta aikin da kotu ta zata. Binciken da FDA ta yi da kanta a 2005 ya nuna cewa sauya kalmomi don nuna ƙarfin hujja ba ya isar da saƙon yadda ake so, mutane ba sa jera maganganun daga mai ƙarfi zuwa mai rauni daidai. Wani bincike kafin shi ya gano abubuwa biyu da har yau suke nan: magana a gaban kwali na sa mutum ya daina juya kwalin ya duba jadawalin baya, kuma yakan jingina wa abincin wasu amfanoni da ba a ma faɗa ba. An ce ba kitse, shi ya ji ba ya sa ƙiba, alhali sau da yawa da sukari da sitaci aka cike gurbin kitsen. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"An gwada a asibiti" ma a bi shi a hankali. A 2009 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kama kamfanin Kellogg kan tallan wani hatsin karin kumallo da aka ce yana ƙara wa yara natsuwa da kusan kashi 20 cikin 100. An yi gwajin, gaskiya ne. Amma da yaran da ba su karya kumallo ba aka kwatanta, kuma kusan rabin yaran ne kawai suka nuna wani ci gaba, wanda ya kai kashi 20 kuwa kusan ɗaya cikin tara. Duk inda ka ga an ce an gwada, tambayar farko ita ce: da me aka kwatanta?

Dokar Turai ta yi ƙoƙari a nan. Sashe na 5 ya ce ba a yarda da magana ba sai in matsakaicin mai saye zai fahimci amfanin da ake nufi. An kuma hana faɗin kilo nawa mutum zai rage ko cikin kwana nawa, an hana jingina magana ga wani likita guda, an hana maganar lafiya a kan abin sha mai barasa sama da kashi 1.2. Akwai ma lokacin da aka ƙi maganar da ke gaskiya: EFSA ta yarda cewa gulukos na taimakawa wajen samar da kuzari, amma a 2015 hukumar zartarwar Turai ta ƙi ba da izini saboda zai kwaɗaita wa mutane sukari, kotu kuma ta goyi bayanta.

Injiniyar Sarrafa Abinci:

Barista, ina tare da kai a mafi yawa, amma a yi wa ɓangaren masu sarrafawa adalci. Awon da ake yi wa abinci ya kusa zama na magani, kuma abinci ba magani ba ne. Za ka iya yin ƙwayar wofi mai kama da ta gaske, amma ba za ka iya ba mutum kifi ko gyaɗa ba tare da ya san me yake ci ba. Ba za ka kuma iya hana rukunin kwatance bitamin gaba ɗaya ba, kowa na samun wani abu daga abincinsa. Sakamakon shi ne kamfanin da ya kashe kuɗi ya gwada sabon sinadari aka ƙi shi, sai ya ga maƙwabcinsa ya zuba zink miligiram 1.5 a giram 100 ya samu maganar garkuwar jiki ba tare da gwaji ko ɗaya ba. Gobe shi ma abin da zai yi ke nan: ya bar sunan sinadarinsa da manyan baƙaƙe a gaba, ya ƙara ɗan bitamin B6 ko zink, ya sa ƙaramin tauraro da ke kai ka ga jimlar da ke bayan kwali. Ka bi tauraron nan kullum, za ka ga wane sinadari ne ainihin mai maganar.

Abin da ba a faɗa ba tukuna shi ne maganar dole ta kasance gaskiya har ranar ƙarshe da aka buga a kwali, ba ranar da aka ɗura kawai ba. Bitamin C yana lalacewa da zafi da iska da haske, shi ya sa ake zuba fiye da abin da aka rubuta don ya kai ƙarshen wa'adi. Idan an ajiye kaya a rana ko a rumbu mai zafi, lissafin ya rushe. Ƙwayoyin yogot suna mutuwa in sanyi ya yanke a hanya, wanda aka sake dafawa bayan ya yi tsami don ya daɗe kuwa ba shi da masu rai ko kaɗan. Man zaitun na da magana da aka amince da ita, sharaɗinta miligiram 5 na haidroksitairosol da danginsa a giram 20 na mai, kuma wannan adadi yana raguwa da daɗewar ajiya. Beta-gulukan ma idan sarrafawa ta daddatse shi yauƙinsa ya ragu, giram ɗin yana nan a takarda, amma aikin ya ja baya.

A kula da girman "cin sau ɗaya" kuma. A Amurka abin da bai kai giram 0.5 a cin sau ɗaya ba ana iya rubuta shi sifili, haka kalori ƙasa da 5. Shi ya sa man feshi na suya, wanda kusan mai ne zalla, yake ɗauke da sifilin kalori: an ƙayyade fesawa ɗaya ƙasa da daƙiƙa guda. Inda jadawalin ke da layin giram 100, da shi za a kwatanta kaya biyu.

Uwar Lissafi:

Ƙari kaɗan a kan kashi cikin ɗari, domin nan ne ake rikita har masu karatu. A 2015 hukumar binciken kansa ta WHO ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama a kullum na ƙara haɗarin kansar hanji da kashi 18 cikin 100. Mutane da yawa sun ji kamar mutum 18 cikin 100 za su kamu. Ba haka ba ne. Idan da ma mutum 6 cikin 100 ke kamuwa a tsawon rayuwa, ƙarin kashi 18 ya mayar da su 7. Mutum ɗaya ya ƙaru cikin ɗari. Ga ƙasa mai miliyoyin jama'a abu ne babba, ga mutum ɗaya kuma ya kamata ya san ainihin girman abin. Haka in aka ce abinci na rage haɗari da kashi kaza, a tambaya: daga nawa zuwa nawa?

Bitamin C da mura ma haka. Tarin gwaje-gwajen da cibiyar Cochrane ta haɗa a 2013 ya nuna shan miligiram 200 ko fiye a kullum bai rage kamuwa da mura ga yawancin mutane ba. Ya rage tsawonta da kusan kashi 8 ga manya, 14 ga yara. Murar kwana bakwai ta ragu da kimanin rabin yini ga babba, kuma ga wanda ya saba sha kullum ne, ba wanda ya fara bayan ta kama shi ba.

Malamar Sinadaran Abinci:

Injiniya ta yi gaskiya kan tauraro. Abu ɗaya da nake so Malam mai tambaya ya riƙe, wanda ba mu taɓa ba: maganar da ta fi ƙarfin hujja ita ce ta fi zuwa da gargaɗi, kuma gargaɗin nan a bayan kwali yake.

Ɗauki sitirol na tsirrai da ake sawa a bota da yogot. Giram 1.5 zuwa 2.4 a kullum yana saukar da LDL da kashi 7 zuwa 10 cikin mako biyu zuwa uku, hujjarsa mai ƙarfi ce. Amma dokar Turai ta wajabta a rubuta cewa kada a wuce giram 3 a yini, cewa bai dace da mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙasa da shekara 5 ba, kuma mai shan maganin kolestarol sai da sanin likitansa. Ba abin da za a ajiye a tebur kowa a gida ya shafa ba ne.

Jar shinkafa da ake tsimawa da wani naman gwari ta fi wannan. Sinadarinta, monakolin K, shi ne dai lobastatin, maganin kolestarol da likitoci ke rubutawa, ba bambanci. Turai ta amince da maganar kolestarol a kansa a miligiram 10, sai rahotannin ciwon tsoka da na hanta suka sa a 2022 aka ce dole abin da mutum zai sha a yini ya kasance ƙasa da miligiram 3. A Japan, wadda ta fara tsarin tantance abincin lafiya tun 1991 sannan ta buɗe hanyar sanarwa kawai ba tare da tantancewa ba a 2015, an janye ƙwayoyin jar shinkafa na wani kamfani a 2024 bayan mutane da yawa sun kamu da ciwon ƙoda, aka gano wani gurɓataccen sinadari daga naman gwari ya shiga wajen sarrafawa. Mai shan maganin kolestarol da ya haɗa da irin wannan ƙwaya ya sha magani iri ɗaya sau biyu, don haka ya kai wa likitansa kwalbar ya gani kafin ya fara.